Abin da Na Gaya wa Baba Jibo Makaɗi

Talata, 4 ga Nuwamba, bayan azahar

Yau ma Yaya ya kifar da fura. Na ajiye masa ƙwaryar ta hagu, dab da gwiwarsa, ya juya zai ɗauki waya ya bi ta kanta da hannu kamar babu komai a wurin. Sai ya ce ni ce sakarya, wai wa ya koya mini ajiye abinci a bayan mutum. A bayansa! Ƙwaryar da ko akuya ta hango ta daga ƙofar gida.

Ni ai ba na cewa komai, shi ya sa kowa yake sauke nasa a kaina. Na share, na damo wata, na ajiye ta dama. Ya sha.

Inna tana bakin madafa, ta ga komai. Ta ci gaba da tankaɗe.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da yamma

A lakkwal, makarantarmu, ba wanda ya san sunana Afra'u. Ƙanwar Tsawa. Har Mushe, malamin lissafi, haka yake kira na. Da ina jin daɗi, ƙarya ne in ce ba na ji.

Yaya Munkaila, wanda ake yi wa kirari da Tsawa, ya fara dambe a filin bayan mahauta tun Baba yana da rai, yana ɗaura masa hannu da kansa. Ina ƙarama ranar da ya kashe wani ƙato daga Matankari, aka shigo da shi gida a kafaɗa, ni kuwa na ɓuya ƙarƙashin gado ina kuka don na ji ana ta cewa ya yi kisa. Sai da Fadila ƙawata ta fahimtar da ni cewa in hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan, amma zai tashi ya kakkaɓe wandonsa. Daga nan Dutsi, daga nan Dosso inda ya ɗauko kambun Arewa, jar ɗamarar nan da ke rataye a ɗakinsa. Wasu sun zo karɓa, sun koma da kumburi. Ba a taɓa kashe shi ba. Ko sau ɗaya.

Sai Argungu, ƙarshen damina. Can ma shi ya yi kisa. Ya dawo da rago da kumburarriyar fuska. Kumburin ya saɓe, fuskar ta koma daidai, kowa ya ce alhamdu lillahi.

Ba ta koma daidai ba.

An sa ranar Lahadi, 23 ga wata. Kamalu na Gecheme zai zo neman kambu a filin Tibiri.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, da hantsi

Ya yanke a yatsa a mahauta. Yaya da ke feɗe rago yana hira yana dariya. Ya ce wuƙar ce sabuwa.

Litinin, 10 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na samu Inna ita kaɗai tana sussukar gero, na daure na ce, "Inna, ki yi mishi magana."

"Wa?"

"Yaya."

Ta ce, "Miƙo min faifan can."

Na miƙa. Na ce, "Inna, kin gani hwa. Ranar Talata kin gani."

"Ke Afra'u, ba ki da kunya? Ni in tsaya gaban wancan in ce mi?"

Wancan! Ɗanta na fari ne, don haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, in ya shigo ta gaishe shi kamar baƙo. Tun da aka haife ni haka nake gani, kuma kowa yana yabonta, wai Inna ta san kunya. To ga kunyar nan. Za a naɗe hannu da igiya a auna masa ɗayan da ya rage, ita tana kunya.

Daga baya na gan ta bayan rumbu tana goge fuska da gefen zane. To me hawayen bayan rumbu zai yi masa?

Laraba, 12 ga Nuwamba, da safe kafin lakkwal

Kowa ya san maganin abin, ba wanda ya faɗi sunan abin.

Kaka ta aiko daga Lugu, wai ta yi mafarki doguwa tana fushi da gidanmu tun da aka daina yi mata yanka, a nemo baƙar akuya. Yaya Abdulmajid kuwa daga butik, shagonsa na Dutsi, ya turo saƙon murya mai tsawo, wai shi tuntuni ya faɗa, dambe da kiɗa ba hanya ba ce, mutum ya tuba, kuma kada a kuskura a kai wa Kaka akuya. Yanzu gardamar gidanmu ta akuya ce. Akuya! Dutsi ga ta nan kusa, akwai likita, mota kullum tana zuwa. Ba wanda ya ce a tafi.

Shi kuwa in an gan shi a layin likita kafin wasa, an gama cewa Tsawa ya ji tsoro. Na san shi.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, bayan magariba

Na karanta littafin da Fadila ta tura mini har batir ya mutu. Jarumin ya yi haɗari, matashiyar ta tsaya a gaban danginsa duka ta yi magana shafi biyu ba ta numfasa ba, kowa ya sunkuyar da kai. Ni ko "a'a" in zan faɗa sai na haɗiye yawu. A littafi kuma ciwo yana ƙara wa mutum kyau. Ba a taɓa rubuta wanda ke laluben takalminsa da ƙafa don kada a ga yana nema ba.

Asabar, 15 ga Nuwamba, da azahar

Na samo dabara.

Yaya bai taɓa shiga fili ba sai da kalangun Baba Jibo. Shi ya yi wa Baba kiɗa, shi ya yi wa Yaya takensa, wanda in ya tashi Yaya yake tsuma har sai an riƙe shi. Wata shekara a Gaya motar su Baba Jibo ta lalace a hanya, Yaya ya zauna bai ɗaura hannu ba, kuma ba wanda ya kira shi matsoraci, don kowa ya san ɗan dambe na ƙwarai ba ya fita da kiɗan wani. Har yabonsa aka yi.

To in Baba Jibo ya kwanta ciwo ranar Lahadin wasan fa? Ba Inna, ba likita, ba kunya, ba tsoro. A ɗaga wasa. Kafin a sake sa rana wataƙila wani a gidan nan ya yi hankali.

Saura in iya buɗe baki.

Litinin, 17 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na je! Ni Afra'u, da ƙafata!

Na wuce ƙofar gidansa na dawo, na sake wucewa, har wata mai tallan gyaɗa ta fara kallona. Yana ƙarƙashin bishiyar bedi yana ɗaure tsarkiyar kalangu. Na durƙusa na gaishe shi.

"Wa nika gani? Autar Abdulmumini? Ke da ko gaisuwa sai an kai kunne bakinki?"

Na ce, "Baba, roƙo niz zo."

Ya yi dariya har da tari. "Yau ga abin mamaki, an zo roƙon maroƙi! Hwaɗi, ɗiyata."

Na ce ina son ya yi zazzaɓi ranar Lahadi. Ko ciwon baya. Ya ajiye kalangun ya dube ni, ya ce shi da ya yi kiɗa ranar da aka binne matarsa da yamma, wane zazzaɓi. Sai na gaya masa. Ƙwarya, wuƙa, takalmi, duk. Na faɗi kalmar da ban taɓa faɗi ba ko a nan.

Ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun Argungu."

"Argungu," ya ce. "Turmin hwarko. Na ga ya karkata kai, nic ce mi yaron ga ka nema a ƙasa? Ashe nan ta ɗauke. Kuma yat tsaya. Kuma turmi na ukku yak kashe shi." Idonsa ya cika da ruwa. "Da guda. La'ilaha illallahu. Da guda!"

Na ce, "Baba, don Allah."

"Na ji, ɗiyata. Tahi gida. Bar min."

Na dawo kamar ba na taka ƙasa. Tsoho ya yi hawaye saboda Yaya. Akwai sauran masu zuciya a garin nan.

Talata, 18 ga Nuwamba, da safe

Na yi barci. Na ci tuwo har na ƙara.

Laraba, 19 ga Nuwamba, bayan azahar

Allah ya isa.

Laraba ɗin dai, bayan la'asar

Bari in rubuta, in ba haka ba zan fashe.

An yi sunan jikan Sarkin Fawa yau. Mahauta duk suna can, da samarin majalisar shayi 'yan fada, da baƙi, har da mutanen Gecheme. Ni da Fadila muna cikin gida wajen mata muna raba goro, sai muka ji kalangu ya tashi da taken Yaya. Na ce a raina ba komai, yau ba Lahadi ba ce. Sai muryarsa:

*Tsawa na Tibiri, mai ido guda!*
*Guda ya ishe ka ganin maza.*
*Da guda kak kashe na Argungu,*
*Masu biyu, ku zo ku kwanta!*

Mata suka yi guɗa. Guɗa! Wata ta riƙe hannuna tana cewa ashe haka yayanki yake, namijin duniya. Na leƙa ta zaure. Yaya yana tsaye tsakiyar mutane ana manna wa Baba Jibo kuɗi a goshi, shi kuwa fuskarsa ba dariya ba fushi, kamar wanda aka tuɓe wa riga a kasuwa. 'Yan fada sun ɗaga wayoyi. Kafin mu iso gida Fadila ta ce har 'yan ajinmu sun tura mata.

Yanzu ba zazzaɓi. Yanzu duk Arewa ta san ta wane gefe ake zuwa masa. Kamalu ma ya sani.

Ni na ɗauki hawayen nan na tausayi ne. Ashe waƙa ce ta zo masa.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, da hantsi

Ban je lakkwal ba. Ina shara sai ga tsohon ya shigo gaishe da Inna, da sabuwar hula, yana washe baki. Ya gan ni.

"Auta! Kin ji aikinki? Na ba shi abin da ba ɗan damben da yat taɓa samu. Bayan mun mutu, ni da ke da shi, ana hwaɗin wagga."

Na ce, "Baba, ba haka munka yi ba."

"Ke yarinya ta. Kin so in ɓoye zinariya cikin toka? Abu irin wanga ba a kawo ma makaɗi a ce ya haɗiye."

Na tsaya da tsintsiya a hannu. Sai da ya fita, ya yi nisa, sannan amsar ta zo mini: shi kuma da me zai ga masu faɗin? Kullum haka. Amsata tana zuwa bayan mutum ya kai gida ya ci abinci.

Yaya yana ɗaki. Ya ji "aikinki". Ya fito, ya tsaya, ya juyo da dukan fuskarsa don ya gan ni sosai.

"Ke ta?"

Na sunkuya.

"Ke da ba ki magana."

Shi ke nan. Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Da ma ya mare ni.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, bayan masallaci

Ya ce Inna ta daina aiko ni da abincinsa. Bai gaya mata ba, ai ba sa magana. Bango ya gaya wa, da ƙarfi.

Asabar, 22 ga Nuwamba, da yamma

Yara a hanya suna rufe ido ɗaya da hannu suna dambe da iska suna waƙar. Yaya Abdulmajid ya turo wani saƙon, wai kun ga abin da kiɗa ke jawowa. Akuyar Kaka ta iso, ban san wa ya saya ba, tana ɗaure tana cin zanen Inna.

Garin nan kaf ya sani yanzu, kuma ko mutum ɗaya bai ce a fasa ba. Sarkin Fawa ya sani. Masu shirya wasa sun sani, har sun ƙara benci, wai mutane za su zo daga Dutsi da tsallaken iyaka ganin mai guda. Da ina cewa in an sani za a hana. Ashe in an sani ƙara benci ake yi.

Yaya ya jiƙa igiyar dambensa ya shanya.

Ya Allah, ka bar masa idon dama. Na dama kawai. Ɗauki ɗamarar, ɗauki sunan.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, bayan magariba

Gidan su Fadila yana jikin fili. Mun kifa turmin daka muka hau muka leƙa ta katanga. Ban taɓa kallo ba sai yau.

Baba Jibo ya buga, Yaya ya tsuma, ya fito da jar ɗamara ana ihu. Kamalu ya fito daga wancan gefe. Gajere ne, baƙi, da faɗin hanci, ƙafafunsa kamar an gwama. Mutanensa suna ta yi masa ihu, "Hagu! Bi ta hagu, Kamalu!" Na ji da kunnena. Wani dattijo ma da carbi a hannu yana faɗi.

Bai bi ba.

Da fari na ɗauka dabara ce. Duk inda Yaya ya juya, sai Kamalu ya matsa ya koma damarsa, inda yake ganinsa, inda kuma hannun nan mai igiya yake saukowa. Fadila ta ce, "Wanga mahaukaci na? Ya tsaya bakin bindiga!" Yaya ya same shi a kunne, na ji ƙarar daga kan katanga. Ya yi tangaɗi bai faɗi ba, ya dawo dama. Turmi na biyu leɓensa ya fashe, ya tofar, ya dawo dama. Ko sau ɗaya bai kai hannu fuskar Yaya ba. Haƙarƙari, ƙirji, kafaɗa.

Mutane suka gane. Ihun ya canza. "Tausai shika yi mishi!" Wasu suna dariya, mutanen Gecheme suna zagin nasu. Yaya ma ya gane. Na ga ya buga ƙirji yana nuna masa fuska, yana juya masa hagun da gangan, yana cewa wani abu. Kamalu ya girgiza kai ya zagayo.

Turmi na uku Yaya ya kai wani naushi da dukan ƙarfinsa, bai auna nisa daidai ba, ya wuce. Kamalu ya sa masa guda ƙarƙashin haƙarƙari. Yaya ya dafa ƙasa.

Hannu kawai ya dafa. Shi ke nan shekarun nan duka.

Kalangu ya tsaya. Kamalu bai yi kirari ba, bai zagaya fili ba. Da aka ɗaura masa ɗamarar, jini yana bin wuyansa daga kunne.

Yaya ya fita da ƙafarsa. Ya ga hanya. Na sauko daga turmin na zauna a ƙasa ina kuka, Fadila tana ta ba ni haƙuri, ta ɗauka kambun nake yi wa kuka.

Litinin, 24 ga Nuwamba, da safe

Kamalu ba shi da kyau. Na rubuta don kada in manta. Gajere ne kuma ba shi da kyau ko kaɗan.

Laraba, 26 ga Nuwamba, bayan la'asar

Yaya ya gaya wa abokansa a zaure, da ƙarfi don in ji, wai da Kamalu ya bi ta hagu ya fasa masa kai da ya fi masa. Wai an kashe maza da yawa a filin nan amma ba a taɓa kashe wani da tausayi ba sai shi, kuma a gidansu aka sayo masa.

To sannu. Sannu da asara. Yana zaune yana ganin shayin da yake zubawa, yana ganin abokan da yake gaya wa, kuma ni ce na cuce shi. Kaka ta ce akuyarta ce ta tsare. Yaya Abdulmajid ya ce addu'arsa ce. Baba Jibo an ce har ya fara yi wa Kamalu take. Kowa ya samu nasa. Ni na samu "ke".

Ban ce na yi daidai ba. Ban ma san me na yi ba. Abin da na nufa bai faru ba, abin da ya faru ban nufa ba. Amma da na yi shiru irin nasu, da Kamalu bai sani ba, da fuska zai nema kamar yadda kowa ke nema.

Wannan ma sai yanzu ta zo mini, ba kowa a ɗakin.

Asabar, 29 ga Nuwamba, da azahar

Inna ta yi magana. Ba da shi ba, da ƙofar ɗakinsa. Ta tsaya ta ba ta baya ta ce, "A gaya ma mai ɗakin ga, tunda yanzu ba abin ɓoyo, Talata a tahi Dutsi."

Daga ciki aka ce, "An ji."

Talata, 2 ga Disamba, bayan la'asar

Ni aka haɗa shi da ni, don Yaya Abdulmajid ba ya barin butik, Inna kuma ba za ta zauna mota ɗaya da shi ba. Har muka isa bai ce mini uffan ba. Wani a motar ya fara waƙar a hankali, ya gane wanda ke gabansa, ya mayar da ita tari.

Lokotoron, likitan ido, ya daɗe yana haska idanunsa. Na hagu ya ce sai Yamai, kuma bai yi alkawari ba, ya ce an jima ƙwarai. Na dama lafiya lau. Ya ce dambe kuwa ya ƙare, ko na wasa. Yaya ya ce ai an riga shi faɗi.

Sun ɗiga masa magani a duka biyun don dubawa, suka ce zai yi ta ganin dishi-dishi har yamma, rana kuma za ta dame shi. Muka fito. Sai mun tsallaka gudron, babban titin, kafin tasha, ga kamiyo manyan motocin kaya suna wucewa. Ya yi gaba kamar kullum, ni a baya da ledar magani. Da ya kai bakin kwalta ya tsaya. Ya kare fuska da hannu, ya juya nan, ya juya can. Ya daɗe.

Bai waiwayo ba ya ce, "Ke mai bakin. Duba muna hanya."

Na duba. Ba komai, ko keke. Fayau har can gangare.

Na ce, "Dakata tukun."

Ya dakata. Tsawan Tibiri, tsaye cikin rana, yana jiran in ce. Na bar shi har sai da na ji zuciyata ta ɗan sauka, ba duka ba. Sannan na kama hannun rigarsa na ce, "Mu tahi."